Tef ɗin Ɗinkina a Kujerar Baya

"Baba Alhaji, in ka tafi da Ammi Funtua, ni a wane ɗaki zan riƙa kwana?"

Yasmin ce ta jefo tambayar, tana tsaye a ƙofar falon Hajiya da tiren ruwa a hannu, ko hijabin Islamiyya ba ta cire ba. Na saci kallon Alhaji Mannir. Yana zaune cikin shadda ruwan sararin samaniya, ɗinkin da ko ni da nake tela sai da na yaba a zuci, ƙamshinsa ya danne turaren wutar da na sa tun azahar.

Ya yi dariya. "A'a, 'yar Baba an iya zance! Zo ki karɓi dabino."

Ta ajiye tiren, ta karɓa da hannu biyu, ta ce an gode, ta kuma tsaya. Yarinyata in ta yi tambaya tsayawa take sai an ba ta amsa. Shi kuwa har ya zaro waya.

"Zakiyya, matso ki ga abin da ya kawo ni yau."

Bari in tsaya kaɗan saboda waɗanda yau suka fara bin labarina. Ni tela ce a Malumfashi, shekarata ashirin da takwas. Mahaifin Yasmin ya rasu shekara uku ke nan, na dawo gidan mahaifiyata da muke kira Hajiya. Yasmin shekararta bakwai, kuma sikila ce. Alhaji Mannir yana da injin casar shinkafa da sitocin masara a Funtua, ya rabu da matarsa ta fari ba haihuwa. Ranar da ya fara zuwa zance, kafin in tambaye shi sunan unguwarsu sai da na tura shi gwajin jini. Ya je, ya kawo takarda ba tare da ɓacin rai ba, kuma tun ranar na fara son shi. Ba zan ɓoye muku ba, ina son shi. Lahadi mai zuwa manyansa za su zo wajen Kawu Shitu, ƙanen babana, a sa rana.

Hotunan motoci biyu ne a wayar. Ɗaya baƙa wuluk, rufinta gilashi, bayanta ya zube kamar an goge shi da dutsen guga. Ɗayar ruwan toka, tsayayya, ba wani ado.

"Kamfani ɗaya ya ƙera su, dukkansu jif, dukkansu na caji. Ba ke ba layin gidan mai. Solar da ke kan rufin injina ta ishe mu. Ikechukwu dillalin mota ya kawo su, suna wajensa har Juma'a. Ki zaɓi ɗaya, ita za ta ɗauko ki ranar kai amarya, kuma taki ce."

Da na waiwaya, Yasmin ta fita. Ta bar dabinon a kan hannun kujera.

Kafin magariba labari ya zaga dangi. Gwaggo Sabuwa, yayar Hajiya, ta turo saƙon murya na minti huɗu daga Kafur: "Ke Zakiyya, kada ki kawo mana wannan sanyin naki. Baƙar za ki ɗauka. Bazawara mai 'ya, an ce ta zaɓi mota! Su waɗanda suka ce kin gama yayi, bari su ga abin da zai tsaya a ƙofar gida." Hajiya ma da take tankaɗe a tsakar gida cewa ta yi, "Mai rufin gilashin nan ta fi kama da ta amarya." Shi ma Alhaji ya turo: "Na san wadda ta dace da ke, amma ba zan faɗa ba." Ya biyo da hoton baƙar har kala uku.

Ni kuwa abin da ke raina daban ne.

Bara da sanyi ciwon Yasmin ya tashi. Kwana biyu muna asibiti a nan, suka ce mu wuce Zariya. Na ɗauki shatar kujerar bayan wata tsohuwar motar haya. Wanda bai taɓa ganin ciwon nan ya tashi ba ba zai gane ba: ba ta iya zama, ba ta iya lanƙwasa gwiwa, in mota ta faɗa rami ihu take kamar ana karya ta. Na kwantar da ita miƙe, kanta a cinyata, ina riƙe da ƙafarta da hannu ɗaya, tun daga Malumfashi, mu ratsa Funtua, har Zariya. Tun daga ranar duk motar da ta wuce ni, kujerar baya nake fara leƙawa.

Saboda haka ranar Laraba da safe, kafin ta tafi makaranta, na ce, "Zo ki tsaya jikin bango."

"Kayan biki za ki ɗinka mini?"

"Tsaya dai daidai, ki daina ɗage."

Inci arba'in da huɗu. Na naɗe tef ɗin na jefa a jaka. Na sa atamfata mai ganye-ganye, doguwar riga, da mayafi ruwan zuma, na hau motar Funtua.

Wajen Ikechukwu yana bakin hanyar Zariya. A Funtua aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gidanmu. Alhaji ya riga ni isa, yana jingine da baƙar kamar dai an gama ciniki.

"Hajiya amarya, sannu da zuwa!" in ji Ikechukwu. "Ga su nan, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Wannan baƙar ita ce yayar, injin lantarki biyu gare ta, in kika taka ta sai ɗankwalinki ya faɗi. Waccan ƙanwar ce, inji ɗaya, ba ta da rawar kai."

Gaskiya baƙar ta haɗu. Ƙofar da kanta ta turo hannunta waje da na matso. Cikinta fata ce ruwan madara, allon gabanta ya kai farantin tuwo. Na shaƙi ƙamshin sabunta na ce a raina, ke Zakiyya, ke ma fa mutum ce. Sai na buɗe ƙofar baya.

Kujeru biyu ne, kowace zaman kanta, kamar na masu sarauta. Tsakaninsu an gina wani akwati mai ɗan firij da wajen ajiye kofi.

"Wannan akwatin yana ɗagawa?"

"A'a Hajiya, a kafe yake. Ai shi ne ƙawar motar."

Na zaro tef. Alhaji ya zaro ido. "Zakiyya, me kike yi haka? Labule za ki ɗinka mata?"

Ikechukwu ya tuntsire da dariya. "Alhaji, shekarata goma sha biyar ina sayar da mota, an zo mini da bakanike, an zo da malami, yau ga tela."

Ban kula su ba. Faɗin kowace kujera inci ashirin da ɗaya. Na wuce wajen mai ruwan tokar. Kujerarta ta baya guda ce shimfiɗaɗɗiya daga ƙofa zuwa ƙofa, inci hamsin da uku. Na cire takalmi na shiga, na zauna can gefe, na ɗora jakata a cinya inda kan Yasmin yake zama, na miƙa tef ɗin. Ya isa, har da rarar wajen filo.

"Malam Ike, tambaya gare ni, kuma ka ji tsoron Allah."

"Hajiya, ina jinsa ranar Lahadi, ina jinsa ranar Laraba."

"Caji ɗaya, wacce ta fi nisa?"

Ya sosa kai, ya kalli Alhaji. "A takarda ƙanwar kilomita ɗari biyar ce, yayar ɗari huɗu da ɗoriya, don inji biyu ya fi shan wuta. Amma a hanyarmu, da zafi, da iyakwandishan, ki rage kusan ɗari a kowacce."

"In batir yana rabi fa, an yi kwana biyu ana hadari sola ba ta kawo ba, kuma dole in tashi daga Malumfashi in kai Zariya?"

"Ƙanwar za ta kai ki hankali kwance. Yayar za ta kai ki, amma idonki yana kan allo kina salati."

"Sanyin baya ana iya kashe shi a bar na gaba?"

"Duka biyun ana iyawa."

"Tayoyin fa?"

"Na yayar sirara ne, don kwalta mai laushi aka yi su. Na ƙanwar sun fi nama, rami bai cika dukan mutum ba."

Alhaji ya ce, "Kai Ike, kai da ya kamata ka sayar da babbar, kake kushe ta?"

"Alhaji, ta ce in ji tsoron Allah. Kai ba ka taɓa ce mini haka ba."

Muka fita gwaji da mai ruwan tokar, Alhaji yana tuƙi, ni ina baya. Kaka ce, an shanya masara da barkono a gefen kwalta har iya ganinka. Motar ba ta da ƙara ko kaɗan, har wata akuya da ke satar masara ta ƙi matsawa sai da ya yi mata hon. Muka faɗa wani rami, na lura jakar da ke cinyata ko motsi ba ta yi sosai ba. Zuciyata ta kwanta.

"Alhaji, wannan nake so."

Ya kalle ni ta madubi. "Haba Zakiyya. Duk kasuwar hatsi an san Ike ya kawo biyu. In ɗauki ƙaramar a ce Mannir ya gaza? Ki duba ta fa, kamar motar masu raba gidan sauro."

"Yasmin ba za ta iya kwanciya a waccan ba."

"To sau nawa za ta shiga? In mun je gaishe su ne fa kawai, ko da hutu. Ai mun gama wannan maganar da Hajiya."

Ya faɗe ta ne kamar mai cewa an ɗauke ruwa. Hannunsa ɗaya a sitiyari, ɗayan yana taɓa allo yana neman rediyo.

"Wace magana?"

Sai a lokacin ya gane. Ya rage gudu, ya gangara gefe kusa da wani shanyar barkono.

"Na ɗauka ta gaya miki. Ita ce fa ta kawo shawarar, wallahi ba ni ba. Ta ce a bar mata yarinyar, ta saba da ita, ga makarantarta, ga likitocin da suka san ta. Ni kuma na ga hakan ya fi sauƙi."

"Ya fi wa sauƙi?"

"Zakiyya, amarci fa za mu yi. Ba na ƙin yarinyar nan, Allah ya sani. Maganinta, makarantarta, komai a wuyana."

Ban yi kuka ba, kuma har yanzu ina mamakin kaina. Na naɗe tef ɗina a hankali, zagaye bayan zagaye, na ce ya sauke ni a tasha. Ya yi rantsuwa, ya yi lallashi, ya ce zai kai ni har gida. Na ce tasha.

Da la'asar na tarar da Hajiya a tsakar gida tana ɓarar masara a babban faranti. Yasmin tana Islamiyya. Ko mayafi ban cire ba na durƙusa gabanta.

"Hajiya, kyauta kika yi da 'yata?"

Hannunta bai tsaya ba. "Ya gaya miki ke nan."

"Hajiya, me ya sa?"

"Saboda na girme ki." Ta jefa totuwa gefe. "Ni agola ce, Zakiyya, kin sani. Shekarata shida aka tafi da ni gidan mijin uwata. Ba wanda ya taɓa duka na, amma har na yi aure ban taɓa ɗaukar nama a kwano ba sai an miƙo mini. Kuma ni fa lafiyata ƙalau. Ita fa? Ranar da ciwonta ya tashi tana ihu, yana da baƙi a falo, yaya zai kalle ta? Sau ɗaya zai yi haƙuri, sau biyu zai yi. Na uku ke za ki fara toshe mata baki da hannunki don kada ya ji. Gara tana nan, ta yi ihunta a gidan kakanta."

Maganar ta shige ni, don ba ƙarya ta yi ba.

"Hajiya, in ciwon ya tashi wa take kira?"

Ta ɗauki wata masarar, ni kuma na ci gaba.

"Hawan jininki fa? Za ki iya ɗaga ta? Za ki iya zama awa uku a mota ƙafarta a hannunki? Ni ina Funtua ana kira na a waya, ina neman izinin fita?"

"To ki zauna haka har ki tsufa? Irin Mannir ba kullum suke ƙwanƙwasa ƙofar mai 'ya ba."

"In gidan nasa ba zai ɗauki ihunta ba, to ba gidana ba ne."

"Ke dai da taurin kai, kamar ubanki," ta ce, ta share ido da bakin zane. Na ja kujera 'yar tsugune na taya ta ɓara.

Ranar Alhamis saƙonni suka yi ta shigowa. "Kin tashi lafiya?" "Har yanzu fushi ake?" "Zakiyya, ki ɗaga mana." Ɗaya kawai na mayar: "Alhaji, ba fushi nake ba. Inda zan kwana nan Yasmin za ta kwana. Amsar wannan nake jira." Ya karanta. Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta sake ɓacewa.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci ina kan keken ɗinki sai na ji guɗa a ƙofar gida. Ba wanda ya ji isowar mota, sai ganinta aka yi. Na leƙa. Mai ruwan tokar ce, an ɗaura mata jan kirtani a goshi, Ikechukwu yana tsaye gefenta yana fifita da hula. Maƙwabta sun fito. Gwaggo Sabuwa da ta zo tun safe saboda shirin Lahadi tana cewa, "Ba baƙar ba ce, amma ai mota mota ce! Kin ga namiji mai jin magana!" Yasmin har ta shige baya ta miƙe tsawonta, tana kira na, "Ammi, zo ki gani, ƙafata ba ta taɓa ƙofa ba!"

Ba zan yi muku ƙarya ba, a raina na ce shi ke nan, ya ji, ya yarda. Ikechukwu ya miƙo mini katin da ake buɗe motar da shi, sai wayata ta yi ƙara.

"Ga wadda kika zaɓa, na haƙura da tawa don farin cikinki. Maganar Yasmin kuma mu bar ta sai bayan biki, in mun natsu sai a duba. Kada mu ɗaga wa manya hankali ranar Lahadi."

Na karanta sau uku. A duba. Bayan biki, lokacin da an kai ni, an jera kayana, kowa ya watse, ba ni da abin cewa sai roƙo.

"Yasmin, sauko."

"Ammi, kaɗan..."

"Sauko, Mamana. Shiga ciki ki sha ruwanki."

Na mayar wa Ikechukwu katin. Ya ƙi miƙo hannu. "Hajiya, kada ki sa ni a tsakiya. Ita ce fa kika auna."

"Ita ce, kuma har gobe ita nake so. Ka ajiye ta wajenka. Ka ce wa Alhaji na gode, zan karɓa ranar Lahadi in an gama magana."

Gwaggo ta dafe ƙirji. "La'ilaha illallahu! Yarinyar nan an yi mata asiri!" Hajiya tana bakin zaure. Da na zo wucewa ta matsa mini hanya, ta ce ƙasa-ƙasa, "In wajen Kawunki za ki, sa hijabi, ba mayafi ba."

Na tarar da Kawu Shitu a rumfar ƙofar gidansa yana gyara buhuna. Na gaishe shi, na gaya masa komai tun daga tambayar Yasmin har saƙon ƙarshe. Na ce ba na neman ƙarin sadaki, ba na neman lefe. Abu ɗaya nake roƙo: ranar Lahadi, kafin a ambaci wata ko rana, kafin a raba goro, ya faɗa a gaban manyan Alhaji cewa Zakiyya da 'yarta za su tare, su kuma su amsa da bakinsu. Abin da aka faɗa a zaure gaban dattawa shi ake riƙe mutum da shi, ba abin da aka rubuto a waya ba.

Kawu ya ajiye buhun da ke hannunsa. "Kin san in na faɗa suka yi shiru, tashi za su yi, ko? Kuma ba lallai su dawo ba."

"Na sani, Kawu."

"Kina son shi?"

"Ina son shi."

"To. Zan faɗa."

Yau Asabar. Tun jiya Alhaji bai kira ba, ni ma ban kira ba. Na gama ɗinkin mutane biyu, na wanke wa Yasmin kai, na yi mata kitso. Ɗazu na kama kaina ina duba waya har sau biyar a zama ɗaya, na kifa ta a ƙarƙashin yadi. Gobe da hantsi ko dai motoci su tsaya a ƙofar Kawu, ko kada su tsaya.

Ke 'yar uwata mai ɗa a hannu da wani yake nema, da ke nake. Za a ba ki abin da kika nuna da yatsa, a yi miki guɗa, har ki ɗauka an amsa miki. Kada ki karɓi makulli, kada ki bari a raba goro, sai kin ji an ambaci sunan ɗanki a gaban manya an ce da shi za ki tare. In aka ce miki sai bayan biki, to ki sani an riga an gama maganar, ke ce kawai ba a gaya wa ba.